Kazar da Ta Ci Mini Gwiwa

Ina da shekara goma sha huɗu na faɗi daga keken babana a hanyar unguwar Jisonayili, a garinmu Tamale. Kafin a kawo ni gida Zango gwiwata ta dama ta kumbura ta yi kamar ƙwaryar fura. Baba, Bahaushe ɗan kasuwar goro, ya kai ni asibitin Turawa. Likita ya lallatsa, ya ce wani ɗan ƙashi ne a cikin gwiwar ya ɓalle, daidai inda jijiya ta kama shi. Aka naɗe ƙafar da filasta tun daga cinya har idon sawu. Ta bakin tafinta ya ja mana kunne cewa ranar da aka cire, in fara lanƙwasa ta kullum, ko da kuka, in ba haka ba za ta sandare har abada.

Mma, mahaifiyata, Badagomba ce, kuma ba ta yarda da maganin da ba a gani ba. Ta aika ƙauyen Gbalahi aka zo da maɗori. Tsohon ya ga filasta ya hana shi taɓa ni, sai ya yi abin da suka gada. Ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da ƙirare, ya ce ranar da ta taka, ni ma na warke.

Bayan mako shida aka fasa filasta. Na dawo da murnata, na zauna bakin gado zan gwada lanƙwasawa, sai ga Mma a kaina da Hausarta ta Dagomba.

"Kaza bai tashi ba, kai ma ba ka tashi."

"Mma, likita fa ya ce..."

"Dokita shi ya haife ka? Kwanta!"

Ta ɗaure ƙafar da ƙirare da tsumma, ta kafa kujerarta a bakin ƙofa. Baba kuwa ya tafi Kumasi sarin goro, balle in kai ƙara.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, kazar nan lafiyarta ƙalau. Ƙwai ta saka a cikin kwandon da aka ajiye ta, ta hau kwanci! Na faɗa, na rantse, na ce a ɗaga ta a gani. Mma ta ce ba a taɓa kazar maɗori. Haka na yi mako uku cur ina kallon rufin ɗaki saboda wata tana jiran 'ya'yanta. Ranar da ta fito da tsaki bakwai tana yanga a tsakar gida, aka kwance ni. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Na yi ta fama wata da watanni, da man kaɗanya da ruwan zafi, amma ko rabi ba ta kai ba.

A Tamale ba a gaida babba a tsaye. Na sha zagin marar kunya a wurin dattawan da ba su san labarin ba, kuma a masallaci sai ƙarshen sahu, ƙafa a miƙe. Duk wannan na iya haɗiyewa, har nakan yi wa Mma tsiya da shi, ta ce ai da ba ta tsare ni ba da ƙafar ta gutsure.

Ranar da ta rasu, liman ya ce babban ɗanta ya sauka kabari ya karɓe ta. Na zo baki, na gwada, na sake gwadawa, ƙafar ta ƙi. Ƙanena ne ya sauka ya kwantar da ita, ni ina tsaye a sama ina miƙa masa itace.