Dutsin Niƙan Kaltuma

Da za a ce wa Kaltuma ta Tabotaki mawaƙiya, da an sha zagi. Waƙa ai ta maroƙa ce, masu bin gayya da ganga. Ita niƙa take yi. Sai dai tun tana yarinya, da ta durƙusa ta ɗora hannu a kan ɗan dutse, bakinta ke buɗewa da kansa, kamar yadda gumi ke zubo wa mai noma.

Matar nan kuwa akwai kunya. Ɗanta na fari, Manzo, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, ko tuwo sai ta aika ƙanwarsa ta kai masa. Haka al'ada take, ita kuma ta ƙara mata gishiri. Amma a bakin dutse babu wanda ke kama mace da laifi. Can take zuba masa kirari, tana ce masa dogo mai kafaɗar ubansa, wanda ya sha nono shekarar fara bai mutu ba. Duk son da take masa, a nan kaɗai yake fita.

Manzo ya je karatu Madawa, ya dawo da gemu ɗan tsito da fatawa buhu guda. Bai iya tunkarar uwarsa ba, sai ya sami goggonsa Lalla.

"Goggo, ki hwaɗa wa Inna ta bar waƙag ga. Uwam malami ba ta ɗaga murya awa zabiya."

"Wace waƙa?" in ji Kaltuma da saƙon ya iso. "Niƙa ɗai nika yi."

"To niƙan naki shika nuhi," in ji Lalla.

Ta bari. Uwa ba ta jayayya da ɗan fari, tun da ko magana ba ta yi masa. Ta koma niƙa baki gum, hannu na saɓa wa numfashi, gari na fita da tsaki. Abin ya dame ta ƙwarai, don yanzu ba ta da sauran hanyar da za ta ce masa komai.

Shekarar da Nasara suka matsa ɗibar soja, sunan Manzo ya fito. Ranar tafiya ta durƙusa niƙa masa garin guzuri. Ta ga ƙafafunsa ta ƙarƙashin darni, ya tsaya, ya daɗe. Ta san abin da yake jira. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, amma malam ba ya janye fatawa, ita kuma ba ta karya maganar ɗa. Ƙanwarsa ta miƙa masa garin, gumye, dogarin Nasara mai kora sababbin sojan, ya daka tsawa, suka wuce.

Sai da ayarin ya gangara kwari ya ɓace, waƙar ta kuɓuce mata, da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Duk unguwa ta ji, ban da shi.