Haƙoran Gajera

Jawo kujera ka zauna nan inda inuwa ta fi kauri, ka ajiye wayar nan tukuna. Labarin wani mutum zan ba ka da ake kira Mai Kwat, shi da wata tsohuwar saniya.

Sunan ya samo asali ne ranar da ya dawo gidan gonar mahaifinsa. Daga ofis ya kamo hanya kai tsaye, ko gida bai biya ya sauya kaya ba. Ya sauko daga mota da baƙar kwat da takalmi mai sheƙi, takun farko ya dulmiya ƙafa cikin kashin shanu. Ƙanwarsa Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, ɓoye shanunka, ga wani mai kwat ya zo karɓar haraji." Tun daga ranar sunan ya bi shi, ko da yake kwat ɗin ta daɗe da komawa shimfiɗar kyanwa.

Kafin nan ya yi shekaru masu yawa a wani babban kamfani a birni, can saman wani dogon bene. Shi ne shugaban sashen kula da ma'aikata. Sunan aikin da daɗin ji, aikin ne babu daɗi. Duk lokacin da manya suka kulle kansu a ɗakin taro suka fito da maganar rage ma'aikata, shi ake miƙa wa wuƙar. A ofishinsa akwai kafet mai laushi, da kujeru biyu masu fuskantar juna, da kwalin tishu a tsakiyar tebur. Shi ya sa aka ajiye kwalin, don ya lura har masu furfura sukan buƙace shi. Abin da ya fi cin ransa kuwa, ya iya aikin. Ba ya kwana-kwana, ba ya barin mutum ya zauna yana zufa yana hasashe. Yakan faɗi maganar tun daga farko, sannan ya yi shiru ya bar mutum ya numfasa. Har waɗanda ya sallama sukan tsaya su gaishe shi in an haɗu a hanya.

In mutumin ya fita, sai ya tashi ya tsaya jikin tagar gilashin da ba a buɗe ta. Ƙasa can motoci na bin juna kamar tururuwa, amma ba su yake kallo ba. Warin garke da sassafe yake ji a hancinsa, da tururin da ke tashi daga bayan shanu, da ƙarar madara cikin bokitin ƙarfe, wadda takan fara da kaifi ta koma laushi in kumfa ya taru. A zuciyarsa gidan gona wuri ne da ba a korar kowa. Ka san halin nisa, shi ke wanke wa mutum gidansu tas har ya manta akwai ƙuda a cikinsa.

Yana can mahaifiyarsa Inna ta rasu. Ya zo, ya yi zaman makoki, ya koma bakin aiki. Bayan wasu shekaru ƙafafun Baba suka fara ƙin ɗaukarsa. Ran nan sai ga kiran Baba a waya, shi da bai taɓa kiran kowa ba sai dai a kira shi.

"Manaja," haka yake ce masa, rabi yabo rabi ba'a, "ƙafa ta ƙi. In za ka zo, ka zo. In ba za ka zo ba, a nemi mai saye."

Matarsa malamar asibiti ce, 'yan matansu kuma suna tsakiyar karatu, don haka ba ta bi shi ba. Amma ita ta haɗa masa jaka. "Abban yara, ka tafi kawai," in ji ta. "Na gaji da zama da mutumin da jikinsa ke falo hankalinsa na wurin shanu. Sai dai ka ji da kyau, kar ka dawo min da kaska a gado."

Gidan gonar ya tarar ya fi wanda ke kansa ƙanƙanta. Wayar shinge ta saki a wurare, kwamin ruwa na yoyo, injin rijiya sai an lallashe shi kamar jariri. Tafukansa suka yi kanta, wani bijimi ya jefar da shi cikin taɓo Auta na tafa masa. Duk wannan bai dame shi ba, yana ma jin daɗin gajiyar. Kicin ne ya kasa sabawa da shi. Tukwanen suna nan a inda suke, ludayin na rataye a ƙusarsa, amma babu mai yi masa faɗan shigowa da takalmi. Da yamma kuma, in ya zauna cire ƙaya daga ƙafar wando, sai ya kama kansa yana kewar hayaniyar 'yan matansa a kan rimot ɗin talabijin, har da 'yar ƙararrawar lifta ta ofis. Kewar da ya zaci ya baro a birni ashe a jakarsa ta taho, wurin zama kawai ta sauya.

Abu ɗaya ne bai canja ba. Kowace yamma, in garke ya dawo daga kiwo, wata gajeriyar saniya ja takan ware daga cikinsu, ta bi bayan gida, ta ɗora kanta a kan rabin ƙofar kicin ta tsaya. Gajera ke nan. Uwarta ta mutu wurin haihuwarta, Inna ta raine ta da kwalba, tana kwantar da ita kusa da murhu a kan tsohon buhu. Da ta girma ta saba zuwa karɓar ɓawon kayan miya da ɗan gishiri a tafin Inna. To, Inna ta rasu, amma babu wanda ya iya sanar da Gajera. Auta takan miƙa mata dusa, ta ci, idonta kuwa na can cikin kicin, bayan kafaɗar Auta. Baba kullum sai ya sa an kai masa kujerarsa wurin, wai nan iska ta fi kaɗawa.

Damina ta ja baya, ciyawa ta fara ja, ranar duba baki ta matso. Bari in gaya maka yadda ake yi, don a nan maganar take. Akwai wani matsattsen lungu na ƙarfe da ake kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshensa ƙofa biyu ne, ta dama tana komawa makiyaya, ta hagu tana hawa motar mai sayen shanu. Duk saniyar da ta manyanta sai an kama haɓarta an buɗe baki. Dama saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasan nan su ne arzikinta. In sun cinye, za ta iya da lallausar ciyawar damina, amma busasshiyar rani ta fi ƙarfinta. Sai ta riƙa ramewa a tsakiyar abinci, har ranar da za ta kwanta ta kasa tashi. Shi ya sa ake fitar da irinsu tun suna kan ƙafafunsu. Kowa a yankin ya san Baba a wannan ƙofar, bai taɓa duban baki sau biyu ba.

Mai Kwat ya san da wannan rana tun yana yaro, amma can saman bene ya manta da ita sarai. Ana gobe za a yi, da Gajera ta zo bakin kicin, ya faki idon Baba ya buɗe bakinta. Dasashi ya gani, da 'yan guntaye kamar tsakuwar da ruwa ya lashe. Ya sake ta, ya shafa wuyanta, ya ce a ransa ai bai baro wancan aikin don ya zo ya yi wa saniyar Inna shi ba.

Washegari, kafin motar ta iso, ya sa mata igiya ya ja ta bayan rumfar ciyawa, inda ba a hango komai daga lungun ƙarfe. Yana neman inda zai ɗaure, sai ya ga turke a kafe, igiya ta riga ta ci wuyansa ya yi santsi. Yana tsaye yana kallon turken sai ga Auta ta ɓullo, igiya a kafaɗa, bokitin dusa a hannu.

Ta dube shi, ta dubi saniyar, ta fashe da dariya. "Yaya, wa ya nuna maka wurin?"

"Wane wuri?"

"Maɓoyarta mana. Nan Baba ke sa ni kawo ta duk shekara tun rasuwar Inna. Ashe ɓarayin gidan nan duk hanya ɗaya kuke bi."

"Baba? Baban da na sani?"

"Shi fa. Sai dai bana bai ce in kawo ta ba. Na jira har na gaji, na ce ko mantuwa ce." Ta ajiye bokitin, dariyar ta gushe daga fuskarta. "Ba ka nan bara, Yaya. Sau biyu tana faɗuwa. Da buhu da sanduna muka ɗaga ta, tana nishi kamar mutum. Baba wuni ya yi a gefenta cikin rana, bai ci komai ba."

"A jiƙa mata dusa mana. Ni zan riƙa ba ta da hannuna."

"Ka zaci jiranka muke ka zo daga birni ka gano ruwa? Mun jiƙa. Haƙoran cikin ma sun tafi, ko tuƙa ba ta iya yi sosai. Likitan dabbobi ya ce wannan ranin ba za ta ga ƙarshensa ba."

Ya ɗaure ta duk da haka, ya koma bakin aiki.

An ajiye wa Baba kujera tsakanin ƙofofin biyu. Direban motar, wani mai tumbi da ba ya rabo da tsinken sakace, yana ta zuba. "Ranka ya daɗe Manaja, a hankali da yatsun nan, ba biro ba ne. Waccan ma ta girme ni, turo ta mu tafi." Mai Kwat na kama haɓa, yana dubawa, yana buɗe dama ko hagu. Baba bai gyara masa ko ɗaya ba.

Da ta ƙarshe ta wuce, Direba ya kama ƙofar mota. "Shi ke nan? In rufe?"

Baba na kallon rumfar ciyawa.

"Akwai wadda ban gani ba," in ji shi.

Mai Kwat ya durƙusa gefen kujerar. "Baba, in ka ce a bar ta, an bar ta."

"Ban ce a bar ta ba. Ban kuma ce a kawo ta ba." Tsohon ya murza gwiwarsa. "Tun ba a haife ka ba nake buɗe bakin shanu. Amma wannan, in na kai hannu haɓarta, hannun uwarka nake tararwa a wurin. Ƙofar taka ce yanzu, ɗan nan."

Mai Kwat ya miƙe ya nufi bayan rumfa. Ko jan igiyar bai yi ba, Gajera ta biyo shi tana shinshinar aljihunsa. Ya shigar da ita lungun kamar kowace saniya, ya buɗe bakinta a gaban kowa, ya duba. Ya sunkuya ya faɗa mata wata gajeriyar magana a kunne, wadda babu wanda ya ji. Sai ya buɗe ƙofar hagu.

"Auta," in ji Baba, "juya min kujerar nan."

Ta juya shi ya fuskanci makiyaya. Direba ya tofar da tsinkensa, ya hau da kansa ya baza busasshiyar ciyawa. "Zan sa ta gaba, inda babu girgiza," ya faɗa ƙasa-ƙasa. Mai Kwat ya raka motar da ƙafa har bakin titi. Gajera ta zura kai ta saman katakon motar, tana kallon gidan, ba ta sauke ba har kwana ta ɓoye su.

Da ya dawo, Baba na nan yadda aka bar shi. Bai juyo ba ya ce, "Ta waiwayo?"

Auta ta ƙura wa yayanta ido daga bayan kujera, tana girgiza masa kai.

"Ta waiwayo, Baba. Har kwana."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa gefen rigarsa ya share fuska, ya ce ƙura ce, ya ce a kai shi ɗaki.

Mai Kwat na nan a gidan gonar har yau. Ya yi baƙi, ya rame, matarsa na zuwa da 'yan matan lokacin hutu suna toshe hanci a bakin garke. Shi da Auta kuwa, in hira ta biyo ta kan wannan rana, har yanzu ba su daidaita ba. Ita ta ce da ya ce wa tsoho saniyar na can tana cin ciyawarta, da ya rage masa nauyi, ƙaryar da ba ta cuci kowa ba ai sadaka ce. Shi ya ce tsohon ba sauƙi ya tambaya ba, so yake ya ji ko akwai wanda ya yi kewar gidan nan na Inna kamar yadda shi tsohon yake yi.

To kai da ka ji, da kai ne a tsaye bayan kujerar nan, me za ka ce wa Baba?