Makiyayin Darɓa

A cibiyar binciken iri Makiyayi ake ce masa, alhali ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba. Garkensa darɓa ce, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu tsotse ruwan alkama su bar ganye yana danƙo. Manoma na Allah wadai da ita, shi kuwa yana kiwonta a ɗakin gilashi, cikin kejin raga, har da sake mata tsiro idan ta cinye na jiya. Matarsa kan ce duk unguwa ita kaɗai ta auri mai ciyar da annoba.

Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi. Idan masana sun haɗa sabon iri, sai ya ɗebi darɓa da gashin kaza ya ɗora wa kowane tsiro, kuma ba a fesa magani. Wanda ya tsaya da ƙafarsa shi ake kai wa manoma.

Akwai iri ɗaya da ya shiga ransa. Dakta ce ta haɗa shi, matar da ta ɗauke shi aiki, ta kuma rasu ba ta ga ƙarshensa ba. Shekara da shekaru irin yana shanye darɓa, ko gezau. Gwaji ɗaya ya rage a sake shi da sunanta, sai aka kawo wata sabuwar darɓa daga gonaki, aka ce da ita za a gwada. Ya kiwata ta, ya ga cinta ya fi na duk wadda ya taɓa kiwo.

Ran gwajin shi kaɗai ne a ɗakin. Ya daɗe tsaye da gashin kazar a hannu. Sannan ya ɗora wa irin Dakta daidai da na kowa.

Bayan 'yan kwanaki ganyen ya nannaɗe, ya yi rawaya, layin irin ya kwanta gaba ɗaya. Ya hana leburori taɓawa, shi ya tuge da hannunsa, yana hawaye bai ɓoye ba.

Da ya koma gida matarsa ta aje masa abinci.

"Maigida, ya tsira?"

"Bai tsira ba."

"Ayya! Da ka ɗan rage masa ƙwarin mana. Wa zai sani?"

"Na so in rage, wallahi. Amma gara ya mutu a gabana da ya je ya mutu a gonar mai 'ya'ya."

Ta rufe kwanon, don ta san yau ba zai ci ba.