Kokon da na dama da geron tsuntsaye

A gidanmu na Gaya ƙamshin mai ke tashin mutum kafin agogo. Muna kan hanyar da manyan kamyo masu ɗaukar kaya ke yin layi suna jiran duwan, wato kwastan, kafin su haye gada zuwa Malanville ta Benin, kuma da an sallame sallar asuba sai ka ga wuta ta kama a bakin titi. Na girma ina kallon karin kumallon ƙasa uku a layi ɗaya. Ga matan Benin da ƙullin masara a ganye da soyayyen kifi, ga mai shayi mutumin Kamba ta Najeriya yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa ba ya zubar da ko ɗigo, ga Inna a ƙofar gida da tukunyar koko da kaskon ƙosai. Ni ce mai yi mata tata. Hannu ɗaya a rariya, ido ɗaya a littafin soyayyar da na jingina da turmi.

Littattafan nan ƴan kasuwa ke shigo da su daga Najeriya, su suka raine ni. A cikinsu miji kan kawo wa amarya fure, ya kira ta tauraruwa, su karya kumallo a kan faranti mai ƙyalli. Saboda haka da mijina ya sami burs, wato tallafin karatu, ya tafi wani gari na bakin teku a Turkiyya, aka ce in bi shi, sai na ɗauka littafin ne ya buɗe in shiga.

Abin da na tarar ɗaki ne a saman bene, da taga, da sanyi mai shiga ƙashi. Maigida kan fita da duhu-duhu ya dawo a gajiye, littattafai sun cika masa kai. Ni kuwa in wuni a taga ina kallon jiragen ruwa, bakina har ya yi tsami don rashin magana. Ni da na saba kafin rana ta fito na gaisa da mutane da Hausa da Dandanci da Zabarmanci. Wata rana na ce masa, "Maigida, in sanyin nan ya wuce ban sami wanda zan ce wa ina kwana ba, ka mayar da ni wurin Inna. Na jira ka a can." Ya san ba wasa nake yi ba, ni ma na san ba na son in tafi in bar shi.

Wadda ta fara jawo ni wata ƴar Senegal ce da ke ƙasanmu, matar wani ɗalibi. Doguwa, mai dariya da ƙarfi, muna magana da Faransanci. Ita ta faɗa mini matan gidan suna da al'ada: lokaci-lokaci sukan taru a ɗakin ɗayarsu da hantsi, bayan maza sun fita, a karya kumallo tare, zagaye ne kamar adashi. Ta ja hannuna ta kai ni.

A ɗakin tsohuwar da ke da gidan muka fara. Baturkiya ce, gajera, mai farin kallabi, ba abin da ke wucewa a matakala ba ta sani ba. Da na ga teburinta sai na zaci kayan ɗaki aka baje. Ƙananan farantai sun cika ko'ina: zaitun baƙi da kore, cuku iri-iri, tumatir, kokwamba, zuma, ƙwai, ga shayi ja a ƴan kofunan gilashi masu ƙugu kamar ƴanmata. Ya yi kyau ƙwarai, irin wanda nake karantawa. Amma na ci na ci, cikina yana tambayata yaushe za a kawo abinci. Banda shayin, babu abin da ke tururi. A wurinmu abin da bai ƙona harshe ba ai bai karya kumallo ba.

A ɗakin wata ƴar Siriya mai yara da yawa aka kawo manyan wake da aka dafa har suka yi lugub, da man zaitun da lemun tsami, ana dangwala da gurasa mai faɗi. A ɗakin ƙawata ƴar Senegal kuwa burodi aka tsaga aka cusa masa wake mai yaji, da baƙin kofi. Ina kurɓa na ajiye kofin.

"Kimba!" na ce. "Wallahi kimba ce a ciki. Mu a yajin masu jego muke sa ta."

"To ku ci gaba da jiran haihuwa," in ji ta, "mu kullum safe muke shan abinmu. Ke, ƴar Nijar, ku me kuke ci da safe ban da rairayi?"

"Bari ranata ta zo, za ki lashe yatsa har ki ciji kanki."

Na faɗa da baki kawai. A zaman nan duka ni baƙuwa ce, ana zuba mini shayi, a yi mini murmushi, a ci gaba da hira a kaina. Ba wadda ta ce ranata za ta zo. Ni na je na sami tsohuwa, da guntun Turkancin da na tsinta da nuni da hannu, na ce zagaye na gaba nawa ne.

Maigida ya ce, "Amarya, ki sayo zaitun da cuku ki jera musu. Abin da suka sani ke nan."

"In ba su abinsu da suka fi ni iyawa? Koko da ƙosai zan yi."

"Ina geron?"

Tambayar ke nan. Wake mai baƙin hanci na same shi ba wuya. Citta da kanumfari da barkono suna cikin ƙullin da Inna ta cusa mini a balis, akwatin tafiyata, ina cewa ta bari. Gero ne na zaga kantuna ban gani ba, sai a shagon mai sayar da tsuntsaye. Ba irin geronmu na Tanda ba ne mai launin toka, wannan ƙanana ne, rawaya, masu santsi. Mai shagon ya tambaye ni wane irin tsuntsu nake kiwo. Na ce masa manya ne.

Na wanke, na jiƙa, na markaɗa a ɗan injin kicin har ya yi zafi yana wari, na tace da sabon kallabina na lefe. Sai gasarar ta kwanta ta ƙi tsami. A Gaya kwana ɗaya ya isa zafi ya yi aikinsa, a nan kuwa ruwan yana nan salam kamar na tulu. Na ɗauki bokitin na kai shi jikin shofaj, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, na lulluɓe shi da babbar rigar sanyin Maigida. Da ya tashi fita ya nemi rigarsa ya gan ta a jikin bokiti.

"Ni ban ga wannan gata ba tun da kika zo," in ji shi. Ya sa ƙaramar riga ya fita yana rawar sanyi.

Tsami ya zo, ya zo da ƙarfinsa har matakala. Tsohuwa ta hau tana shinshina, ta zaci bututun ruwa ne ya toshe. Ta ɗaga rigar, ta leƙa bokitin, ta toshe hanci. Sai idonta ya faɗa kan ledar geron, ga hoton aku a jiki ɓaro-ɓaro. Ta juya ta sauka.

Kafin la'asar ƙawata ta hau tana haki don dariya. "Ƴar'uwa, an gama da ke. Gida duk ya ɗauka abincin aku za ki ba mu, ruɓaɓɓe ma. Ƴar Siriya ta ce yaronta ba shi da lafiya gobe."

"Ta san gobe ba shi da lafiya tun yau?"

"Ta sani mana. Uwa ce."

Da ta fita na zauna a ƙasa kusa da bokitin na yi kuka. Har na fara tunanin abin da zan sa a balis. Maigida ya dawo ya same ni a haka. Na jira ya ce ai ya faɗa mini. Sai ya ajiye jakarsa, ya naɗe hannun riga, ya jawo robar waken da na jiƙa, ya ce, "Nuna mini yadda ake cire ɓawon nan." Muka zauna muna murza wake, ɓawo yana tasowa saman ruwa muna tsiyayewa, yana ba ni labarin yadda yakan biya ta ƙofar gidanmu da sunan sayen koko alhali ya riga ya karya a gida. Ban taɓa karanta littafin da miji ya wanke wake ba. Da ni ce mai rubutawa, da nan zan sa babi mafi tsawo.

Da hantsi na dama koko da ruwan tsamin, ya yi kauri yana sheƙi. Na buga ƙullu har hannuna ya gaji, na buɗe ƙofar ɗaki da gangan, na fara sakin ƙosai a mai. Na san aikin ƙamshin nan, na ga yadda yake sauko da direba daga kan kamyo. Ƙawata ta fara shigowa. Sai ga ƴar Siriya, da yaron da ba shi da lafiya yana gabanta a guje. Tsohuwa ce ta ƙarshe, ta riƙo ɗan farantin zaitun, ko don ta sami abin da za ta ci.

Ƙosai bai sha wuya ba, ina kwashewa ana ɗauka, ana hura yatsa. Kofunan koko kuwa suna jere ba mai taɓawa, tururinsu yana raguwa, zuciyata tana raguwa tare da shi. Na ɗauki ɗaya da hannu biyu na durƙusa gaban tsohuwa, yadda ake miƙa wa babba abu a gida. Ta dube ni, ta ga ba hanyar ƙi. Ta kurɓa kaɗan.

Ta sake kurɓa. Sai ta ce, "Boza."

Ƙawata ce ta fassara mini sauran. Ashe su ma suna da abin sha na gero mai tsami, mai kauri, da ake sha lokacin sanyi. Tana yarinya mai talla kan bi layinsu yana kira, babanta ya sauka da kwano ya sayo musu. Ta ce nasu da sanyi ake sha, kuma ba ya cizon maƙogwaro da citta haka, amma tsamin shi ne. Duk shekarun nan a kwalba take saye, ba ta taɓa ganin bokitinsa ba, shi ya sa ta toshe hanci. Ta share ido da gefen kallabi, ta aiki yaron ya ɗauko mata kirfa a ɗakinta, ta barbaɗa a kofinta da nawa. Da Inna ta gani da ta yi salati. Na sha, kuma ya yi daɗi.

Daga nan kofi ya bi kofi. Ƙawata ta kankare tukunya da ludayi tana cewa ita dama ta san za a yi haka.

"Ke da kika ce rairayi muke ci?"

"To rairayin naku akwai daɗi. Ƙaro mini ƙosai, kar ki cika ni da surutu."

Ranar aka yi hira da ni a ciki, ana tambaya ina amsawa da Turkancina mai karyayyen ƙafa, suna dariya ina dariya. Na kwatanta musu kogi da gada da kwale-kwalen masunta na garin Tounouga. Da za su tafi tsohuwa ta kama kumatuna da hannu biyu ta kira ni ƴarta, ta ce gobe in sauko da bokitin, shofaj ɗinta ya fi namu zafi.

Sanyi ya wuce ban ko tuna da balis ba. Na zauna har Maigida ya gama karatunsa, muka dawo Gaya tare. Mai shagon tsuntsaye kuwa, ganin yadda nake yawan zuwa, har ranar da na je sallama yana tambayata lafiyar tsuntsayen. Na ce masa suna nan ƙalau, sun yi ƙiba, babbarsu ma kirfa take so a nata.