Ranar da Na Rubuta Sunana da Irin Kaka Gado

A makon farko na komawa lakwal, shekarar da na shiga aji huɗu, muna tsaye a layi gaban tuta da safe sai wani abu mai ruwan toka ya gilma ta saman gawon makarantarmu kamar an harba kibiya. Shiru ya wuce, sai da ya kusa ɓacewa ta wajen Gesheme sannan ƙararsa ta iso, ta daki ƙirjinmu, ta girgiza kwanon rufin aji. 'Yan aji ɗaya suka ɓarke da kuka, wasu suka kwanta rub da ciki, jakin da ke ɗaure a bayan shinge ya tsinke igiya. Ni kuwa ina tsaye baki buɗe, ban ma san allona ya faɗi ya rabe biyu ba. Ban taɓa ganin abin da ya riga muryarsa isowa ba. Tun daga ranar na kamu da sonsa, kuma har yau son bai sake ni ba, duk da abin da ya jawo mini.

Malaminmu, Mushe Idi, ya ce jirgin soja ne na leƙen asiri. Bai san na wace ƙasa ba ne, amma ya ce ba ya ɗaukar fasinja ko kaya, na'urar hoto ce a ƙarƙashin cikinsa, duk abin da ke ƙasa sai ta ɗauka a kai wa manya su duba. "Ko rubutun jikin buhu suna iya karantawa," in ji shi. Ko gaskiya ya faɗa ko gishiri ya ƙara, Allah masani, ni dai na riƙe maganar gam. A wannan kakar jirgin ya riƙa wucewa da hantsi, wani makon sau biyu. Yara maza suka shiga sassaƙa nasu da totuwar kara suna cewa ba wasan mata ba ne, na yi nawa ya fi nasu tsini. Na gane cewa ba inda ƙarar take ake dubawa ba, gabanta ake kallo. A bakin rijiya na sha sakin guga, a gindin turmi na sha tsayawa da taɓarya a sama, har inna ta ce, "Zali, sama za ki daka ko gero?"

Kakana na wajen uba, Kaka Gado, shi kaɗai ne ba ya ɗaga kai. Abokin wasana ne, amarya yake ce mini, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori uku. Yana da wata 'yar gayauna a bayan gari inda yake shuka geron da ubansa ya taso da shi daga wajen Lugu, mai doguwar zangarniya da gargasa wadda tsuntsu ba ya so, furarsa fara mai garɗi. Geron ba ya gaggawar nuna, shi ya sa babana da sauran mutanen gari suka koma wa gajeren iri na malaman gona, aka bar tsoho da kayansa. Kafin girbi yakan bi kunya-kunya yana taɓa kowace zangarniya, ya zaɓi waɗanda suka cika ya ɗaure ƙananan dammuna uku: na shuka, na maimai idan ruwan farko ya yaudare mu, da na ajiya. Sauran kuwa shi gidan ke fara ci. A wannan shekarar kuwa, ruwa ya ɗauke da wuri, abin bai yi auki ba, kafin wata biyu mun cinye. Dammunan nan uku su ne suka rage a duniya.

Wata ranar da babu lakwal Kaka ya tarar gara ta hau ƙafar rumbunsa na gona. Ya sauko da irin ya ɗora a kan wani gadon kara mai tsawo don ya sha rana, shi kuma zai je ta'aziyya ƙauyen gaba. "Amarya, zamna nan ki tsare mini," ya ce. "Wanga iri ya girmi ubanki, ya girme ni." Na ce ya tafi abinsa, ko ƙuda ba zai sauka ba. Kuma da kunnena na ji mai shela jiya da yamma yana cewa an saki gonaki, gobe dabbobi za su shiga kiwon kara. Na kuma san Altine, makiyayin da Kaka ke gayyata duk shekara ya zaunar da shanu a gonar don taki, yana nan tafe.

Ina zaune sai idona ya faɗa kan wani faƙo a gefen gona, fili fetal, sumul kamar allo. Na dubi zangarniyoyin nan dogaye, miƙaƙƙu, na dubi sama. Idan suna karanta rubutun buhu, me zai hana su karanta sunana? Na kwance dammunan duka uku, domin ɗaya ba zai isa ba, na jera zangarniyoyin baki da baki ina rubuta sunana, kowane harafi ya fi tsawon mutum biyu. Na ce a raina ina gamawa zan mayar in ɗaure, wa zai sani? Kuma jirgin ya zo. Ta kaina ya bi, har na ga hasken rana a gefen fiffikensa, ƙarar ta biyo baya ta cika mini ciki. Don murna na cire kallabi na bi shi a guje har kan tudu ina kaɗawa. Na tsaya can ina jiran ya juyo ya ƙara dubawa, na yi ta jira har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafata.

Da na sauko, shanu sun rufe faƙon. Altine yana can baya da 'yan maruƙa, bai san da komai a wurin ba, kuma ba shi da laifi ko kaɗan, ranar tasa ce. Na shiga tsakaninsu ina duka ina ihu, amma aikin gama ya gama. Kaka ya dawo bayan azahar ya same ni durƙushe ina tsintar ƙwaya cikin kashin shanu. Na so ya dake ni, wallahi na so. Sai ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin, ya tambayi abin da ya sauko da irin ƙasa, na faɗa masa. Ya ce, "To, sun gan ki?" Na ce ban sani ba. Ya durƙusa kusa da ni da tsofaffin gwiwoyinsa muka ci gaba da tsinta, abin da muka samu bai cika tafin hannu biyu ba.

Da ruwan farko ya sauka ya shuka ɗan abin nan da hannunsa, ya tsiro kore shar. Sai sama ta ɗauke kusan mako uku, muna kallo tsiron ya naɗe ya bushe. Kowa ya koma rumbu ya ɗebo na maimai, Kaka kuwa ya karɓi gajeren iri a hannun babana ya shuka. Bai daina ce mini amarya ba, ni ce na kasa mayar masa da wasan. A ciwonsa na ƙarshe, bayan damina biyu, ya daina cin komai, wata safiya ya ce furar geronsa yake marmari. Inna ta dama ta geron da muke da shi, aka ba ni in kai. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce, "Madalla, amarya." Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi a faƙo ba.

Yanzu ina zaune a Dogon Dutsi da 'ya'yana. Jiragen da ke shawagi a yau yawancinsu ba su da matuƙi, can ƙololuwa suke gunji ba a ganinsu, manya su yi ƙasa da murya, yara kuwa ko kai ba sa ɗagawa daga waya. Ni ce dai har gobe in na ji mai saurin nan sai na fito tsakar gida ina duban gaban ƙarar, zuciyata na tsalle, kunya na biye da ita. Duk kaka nakan zaga wajen masu kawo dammuna daga ƙauye ina juya zangarniya, ina tambayar tsofaffi ko sun san mai gargasar nan. Sukan ce sun san shi, iyayensu sun noma shi, amma sun daɗe ba su gani ba. Zamani bayan zamani aka yi ana zaɓarsa da hannu, a hannuna ya ƙare, a hantsi ɗaya.