Fiyus Mai Lamba Biyar

Shekara talatin Baba Direba ya yi yana dakon bulo da tsohuwar a-kori-kurarsa. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, fitilun motar suka fara mutuwa duk bayan kwana uku. Yakan kai ta rumfar wani mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya zauna a benci yana zuba labarin hanya har a gama.

Ran nan mai wayarin ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, bai ga inda suka haɗu ba. Da ya zaro fiyus ɗin da ya ƙone, sai ya ga mai lamba biyar ne, alhali mai sha biyar ya sa shekaranjiya.

"Baba, wa ke canza mini fiyus?"

"Ina na sani, Injiniya? Motar ce ta tsufa, kamar mai ita."

"Tsufa ba ya buɗe akwatin fiyus." Ya sa wanda ya dace, ya sassauta murya. "Bencin nan ba na haya ba ne. Ka riƙa zuwa ko babu mota."

Baba ya yi dariyar yaƙe. "Ni da aiki ya sha mini kai?"

Bai sake komawa ba. Ya iya zuwa da lalatacciyar mota, amma zuwa haka kawai, kowa ya san abin da ya kawo shi, ya gagare shi. Yanzu fitilun lafiya lau. Da la'asar yakan wanke motar, ya shiga ya zauna, ya kunna rediyo.