Bakoji Masassaƙi da Baftismar Tsoho Auta

Kakana na wajen uwa, Bakoji masassaƙi, ban riske shi da rai ba. Abin da na sani game da shi daga bakin matarsa Talatu na ji, ita kuwa ba ta taɓa ba da labarinsa ba sai ta ja tsaki a tsakiya, ta share ido a ƙarshe. Ta ce taurin kai irin nasa ba ta ga na biyunsa ba. Ni ma da na girma na auna al'amarin, na rasa ko in yaba masa ko in ji haushinsa, shi ya sa nake yin duka biyun.

A wani ɗan ƙauye aka haife shi bayan Kutemeshi, a bakin dajin Birnin Gwari, tun kafin Turawa su ci ƙasar nan. Yana saurayi mahara suka tsince shi a gona. Aka yi ta wucewa da shi daga wannan hannu zuwa wancan har ƙasar Nufe, daga can ya sulale cikin kwalekwalen masunta ya faɗa Lakwaja. 'Yan mishan suka ba shi wurin kwana da gizago, ya koyi sassaƙa, ya ji bisharar Almasihu ya karɓa, aka yi masa baftisma. Can ya haɗu da Talatu, ita ma kuɓutacciyar baiwa ce mai bi, aka ɗaura musu aure.

Ba a naɗa shi fasto ba, bai ma taɓa neman haka ba. Akwai wani fasto baƙar fata, mutumin Saliyo, mai Hausa a karkace, wanda yakan tara maza a rumfa bayan la'asar, masu sana'a da masunta da 'yan dako, yana koya musu abin da gama-garin mai bi zai iya yi inda babu fasto. Nan Bakoji ya koyi karatu, yana bin baƙi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya koyi jan addu'ar Lahadi, da yadda ake zama wurin majinyaci, da abin da ake faɗa a bakin kabari. Baftisma kuwa da ƙwarya aka koya musu ita: a kifa ƙwarya a ce ga kan mutum, kowa ya zo ya zuba ruwa sau uku yana faɗin kalmomin, wanda harshensa ya sarƙe ya koma bayan layi. Mata ba sa shiga rumfar, nasu waƙa ne da girki.

Da ya ƙudura komawa gida, wajen shekarun 1880, faston ya sa shi ya durƙusa a gaban jama'a ya ɗauki alkawari. Ba zai ɗaura aure ba, ba zai raba jibin Ubangiji ba, kuma ba zai yi wa kowa baftisma ba sai wanda mutuwa ta zo wa ƙarara. Mai lafiya ya jira, domin faston ya ce shi da kansa zai biyo ayari ya zo da rani. Bakoji ya ce ya ɗauka. In kuwa kakana ya ce ya ɗauka, to, magana ta ƙare.

Suka iso da ayarin fatake suka tarar iyayensa sun rasu. Mai garin Musulmi ne mai sanyin hali, ya ce su zauna, muddin ba za su ɗaga wa kowa hankali ba. Masu bin ba su cika tabarma biyu ba: shi da Talatu, sai wasu tsofaffin 'yan dako da su ma suka dawo daga kudu da matansu. A rumfar sassaƙarsa suke sujada, kowa ya kifa turmin da ba a gama ba ya zauna a kai.

Nan Auta ya same su. Tsoho ne mai ɗiban zuma, yana rataya amyarsa a manyan itatuwa can cikin daji, kuma shi tsafin kakanninsa yake bi. Ya kawo tallan zuma wata Lahadi ya ji waƙa, ya tsuguna a bakin rumfa. Lahadi ta zagayo ya dawo ba zuma. Kafin damina ta fita ya haddace addu'o'in fiye da 'yan dakon, ya kwance layunsa, ya daina yanka wa dutse kaza. Sai ya ce a zuba masa ruwan.

Bakoji ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya yi haƙuri, fasto na tafe da rani. Rani ya zo ya wuce, wani ya biyo baya. Hari ya yi yawa a hanyar kudu, fatake ma sai sun taru da yawa suke iya ratsawa. Auta kuwa abin da ke cinsa a rai ɗaya ne: aikinsa hawan itace ne shi kaɗai a dokar daji, yana tsoron ranar da reshe zai karye da shi, ya cika ba kowa kusa, ya tafi yadda ya zo. Ya faɗa wa Bakoji haka ba ɓoye-ɓoye.

Wani mutum da sai ya sassauta. Kakana sai ya nemo gora ya cika da ruwa ya rataya a kafaɗa, ya ce daga yau duk inda Auta ya sa ƙafa a daji, yana bayansa. Ya ce ai shi ma itace yake nema, tafiyar ba asara ba ce. Haka aka yi shekaru ana ganinsu, tsoho a gaba da igiya da bakin wuta na hayaƙi, masassaƙi a baya da gatari da gora. Yero, wani Bafulatani da ke kiwo a gefen dajin, ya sa wa Bakoji suna mai jiran gawon tsoho, in sun haɗu ya tambaye shi ko yau an dace.

Matsalar ita ce Auta ya ƙi ciwo. Mutum ne busasshe kamar kirya, ko mura ba ta kama shi da kyau. Sau ɗaya zazzaɓi ya kayar da shi, aka aiko, Bakoji ya yar da gizago ya ruga, ya tarar da shi zaune yana neman ƙarin miya. Wata rana ya faɗo daga kan ɗorawa ya yi shiru a ƙasa, Bakoji ya cire marfin gora, sai tsohon ya buɗe ido ya tambayi inda saƙar zumar ta faɗi. Kakana ya lalube shi ya ga targaɗe ne kawai, ya mayar da marfi. Talatu ta ce ranar har gida Auta bai yi masa magana ba.

Har dabara tsohon ya gwada. Ya kwanta a ɗaki yana nishi, ya ƙi cin abinci a gaban mutane, aka kira Bakoji. Sai da ya durƙusa ya ɗaga hannu, Auta ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, “Tsaya, Malam. Ƙarya nake yi, lafiyata ƙalau. Ba zan shiga da ƙarya ba.” Suka zauna su biyun a ƙasa, ba mai iya kallon wani. Wannan wurin, ni dai, duk lokacin da na tuna shi sai tausayi ya kama ni.

Daga baya fatake suka kawo labarin cewa faston nan ya rasu, kuma ba wanda ya san da zancen wani ƙauye a dajin Birnin Gwari. Talatu ta ce to shi ke nan, alkawari ya bi mai shi. Bakoji ya ce ba ga faston kaɗai ya ɗauka ba, a gaban Allah ya durƙusa. Ta ce masa Allah ba ya jin daɗin ganin tsoho a bakin ƙofa shekara da shekaru. Ya ce in kowane mai gizago ya fara yin abin da ya ga dama da sunan ikilisiya, gobe ba a san inda za a tsaya ba. Sun yi wannan faɗan har maƙwabta suka haddace shi. A ganina kowannensu na da gaskiya, amma Auta ne ke kwana da tsoron.

Abin ya zo ta inda ba wanda ya duba. Wata safiya da kaka, Auta na can saman maɗaci yana sauke amya, Bakoji na tsaye a gindi ya ɗaga kai yana lura da reshen, ya ja da baya ya taka kububuwa, ta sare shi. Tsohon ne ya goyo shi har gida. Yero ya kawo saiwoyi da ya ce suna yi wa shanu da mutane, aka jiƙa aka ba shi, aka tsaga wurin aka shafa. Ƙafar ta kumbura har cinya. Da dasashinsa ya fara zubar da jini, kowa ya san abin da ake ciki, shi ma ya sani.

Masu bi suka taru a ɗakin, suka roƙe shi ya zuba wa Auta ruwan nan tun yana da sauran ƙarfi, tunda bayansa babu wanda ya san yadda ake yi. Auta na tsugune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Bakoji ya girgiza kai. Talatu ta ce a lokacin ji ta yi kamar ta shaƙe shi kafin dafin ya ƙarasa.

Sai ya ce a kawo ƙwarya a kifa a gabansa, ya kira ta. Ta ce ita mace ce, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Ya ce an koya musu cewa duk wanda aka yi wa baftisma zai iya, namiji ko mace, kuma kuskurensa ne da ya riƙe abin shi kaɗai yana jiran wani ya zo daga Lakwaja. Ya sa ta zuba ruwa tana faɗin kalmomin. Ta sarƙe, ya ce ta sake. Ta manta sunan mutum da ake fara kira, ya ce ta sake. Ya sa 'yan dakon da matansu su ma kowa ya zo ya yi, yana kwance yana tofar da jini yana gyara musu, har ƙasan ɗakin ya zama taɓo. Bayan wannan ya bi da su ta addu'ar Lahadi da ta bakin kabari, tunda ta biyun za su bukace ta ba da jimawa ba.

Da ya gamsu ta iya, Talatu ta durƙusa kusa da shi, ranta a ɓace, ta ce, “To, Malam, saura alkawarin. Faɗi in ɗauka.”

Ya dubi rufin ɗaki ya ce, “Ni aka ɗora wa, Talatu, kuma na riƙe. Ni ba fasto ba ne, ba ni da ikon ɗora wa wani.”

Ta dube shi, ya kau da ido. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa da ƙoƙon da suke sha, ta tsaya a kan tsohon ta ce, “Baba, shigo ciki ka durƙusa.”

Auta ya shigo da rarrafe. Ta kira sunansa, ta zuba masa ruwa da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Bakoji na kallo daga tabarma, leɓunansa na bin kalmomin ba sauti, har ta kai ƙarshe ba kuskure. Shi ya fara cewa amin. Tsohon ya rarrafa ya kifa jiƙaƙƙen kansa a kan ƙirjin kakana, ya yi ta kuka kamar yaro.

Washegari da hantsi Bakoji ya cika. Talatu ce ta tsaya ta ja addu'ar, abin da ba a taɓa ganin mace ta yi ba a ƙauyen, ba kuma wanda ya ce mata kanzil. Kabarin kuwa Auta ne ya haƙa shi, samari suka yi ta miƙa hannu su karɓi fartanyar, ya hana kowa.